Layin Seling da Kebul ɗin Gidana

A lungunmu na Marikina, Aling Seling ce ta fara mallakar wayar tarho. Marcelina Buenviaje ne sunanta a takarda, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta haka ba sai fada a coci. Gidansu na kallon nawa, lungun kuwa don ƙunci, in na dafa abu ta taga nake miƙa mata. Ita ta riƙe ɗana Rodel ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna Mare, mijinta Mang Doming kuma in ce masa Pare. Shi ɗinkin takalma yake yi a ƙasan bene, ita tana da ɗan shago a gaba: sabulu, sukari, busasshen kifi da sigari kara-kara.

Ta daɗe tana jiran wayar nan. Tun 'yarsu Minda tana rarrafe ta kai sunanta kamfanin, ba a zo an ja mata layi ba sai da yarinyar ta kusa gama firamare. Ranar da aka ja, tukunyar taliyar pansit guda ta dafa ta raba wa maƙwabta kamar an yi mata haihuwa. Baƙar waya ce mai nauyi, ta ɗora ta kan wani ƙyalle mai ado kusa da kwalbar alewa. Daga ranar duk lungun lambarta muke bayarwa. Sai ka ji ta leƙo ta ce, "Mare, ƙanwarki ce daga Iloilo, bar wankin nan ki zo." Kana magana tana auna sukari kamar ba ta ji, alhali ba abin da ya wuce ta. Ta san mijin wa ya yi shiru a Saudiyya, ta san 'yar wa ta faɗi jarrabawa. Sai dai ban taɓa jin zancen wani ya fita daga bakinta ba. In ka ajiye wayar idonka ya yi ja, sai ta miƙo maka alewa ɗaya ta ci gaba da aikinta.

Da wayar hannu ta zo kowa ya sa tasa a aljihu, baƙar wayar sai ta yini ba ta yi ƙara ba. Doming ya sha cewa a yanke layin. Ita kuwa ta ce ranar da za a yanke shi a haɗa da hannunta.

Minda ta tafi Milan aikin kula da wata tsohuwa. Bizarta ta ƙare, ta ci gaba da zama ba takardu, ta auri wani ɗan ƙasarmu mutumin Batangas a can, ta haifi 'ya mace, Bea. In ta zo gida ba za ta iya komawa ba, don haka ba ta zo ba. Har yarinyar ta iya surutu kakanninta ba su san ta ba sai a hoto. Wata shekara gab da Kirsimeti aka kawo babban kwali daga Italiya, a tsakiyar gwangwanaye da sabulai da tawul aka sami kwamfutar hannu. Minda ta bugo ta ce a sa intanet a gidan, duk Lahadi su riƙa ganin juna.

Nan rigima ta tashi, domin hanya biyu ce a lokacin. Kamfanin tarho na kawo intanet ta tsohon layin waya, shi ake ce wa DSL. Kamfanin talabijin kuma na kawowa ta kebul ɗin da tashoshi ke biyowa. Ni kebul gare ni, Rodel ne ya sa mini kafin aiki ya mai da shi Cebu.

Doming kebul yake so, kuma kowa ya san dalili.

"Igiya ɗaya ce, Seling," in ji shi. "Ki ga jikarki, in ga dambena. Kuma an ce ya fi gudu."

"Dambenka dai. Ita jikar rakiya ta yi."

"To layin naki fa? Tun ina da gashi aka ja shi. Da an yi ruwa ba abin da ake ji a ciki sai ƙarar suyar kifi."

"Gashin ya tafi, layin yana nan."

Wakilan kamfanonin biyu duk sun zo shagon. Na tarho ya ce layin nata ne ita kaɗai, ba ta raba shi da kowa, sai dai gidan ya yi nisa da ofishin da layukan ke tasowa, saboda haka gudunsa ba zai kai na mutanen bakin titi ba. Na kebul ya ce nasu ya fi gudu nesa ba kusa ba. Ta ba kowannensu lemo mai sanyi ta sallame shi, sannan ta tsallako wajena.

"Mare, faɗa mini tsakaninki da Allah. Naki da yamma yaya yake?"

Na ce mata da safe kamar iska yake, amma duk unguwa igiya ɗaya muke sha. In yara sun dawo gida, musamman Lahadi da yamma, sai ki zauna kina kallon wani ɗan zobe yana ta juyawa.

"Minda Lahadi kawai take hutu," ta ce. "Kafin ta dawo daga coci a can, nan yamma ta yi." Ta miƙe ta karkaɗe siket. "An gama."

DSL ta sa. Doming ya yi kwanaki yana buga guduma da ƙarfin da takalmin bai buƙata ba, daga baya ya haƙura, dambensa ya koma kallo a falona.

Lahadin farko Seling ta shafa hoda, ta sa rigarta ta coci. Rabin lungun ya cika falon, wasu na leƙe ta taga. Hoton ya fito dishi-dishi, motsi na zuwa a makare, amma bai yanke ba. Da fuskar Minda ta bayyana Seling ta kama ɗaga murya kamar yadda ta saba a kiran nesa, har Minda ta ce wa uwarta, "Nanay, ina jin ki, maƙwabtana ma suna jin ki." Bea ta ɓuya a bayan uwarta, ido ɗaya kawai muke gani. Doming kuwa ya jawo kujera. Ya zauna ya dafa gwiwoyinsa yana kallo, can ya tashi ya ce manne zai bushe masa a ƙasa. Na bi shi da ido, na ga a matakala ya tsaya yana goge fuska da gefen riga.

Shi ne kuma ya fara sabawa da yarinyar. Wata Lahadi ya ce ta ɗaga ƙafarta ya gani. Minda ta kara mata abin awo a tafin ƙafa, Bea tana dariya tana zillewa, hoton yana tsayawa yana tafiya. Ya sa tabarau ya matso har hancinsa na taɓa gilashin.

"Tsaya mana, 'yar nan. Ƙafar Buenviaje ce wannan, ku dubi babban yatsan."

"Ƙafata ce," in ji Seling. "Taku duk kamar ta agwagwa."

Ya ɗinka mata jan takalmi mai maɓalli, ya ɓata masa lokaci fiye da na amare. Aka sa a kwalin jirgin ruwa. Kafin ya isa Milan ƙafar ta ƙaru, bai shige ta ba. Bea ta sa shi a hannu biyu tana tafa mana da shi a gaban kyamara. Doming ya yi dariya har da tari, ya ce na gaba zai ƙara masa yatsa biyu.

Da damina ta sauka maganar Doming ta fito. Ruwa na fara zuba layin sai ya kama ɓarɓarniya, ɗan koren hasken akwatin intanet ɗin ya yi ta ƙiftawa, daga nan ya ɗauke. Sai in hango su sun fito su biyu ƙarƙashin lema ɗaya, Doming rungume da kwamfutar a cikin ledar shinkafa, Seling riƙe da farantin suman, wato dafaffiyar shinkafa mai danƙo da ake naɗewa a ganyen ayaba.

"Ba don naki ya fi ba, Mare," take cewa tana kakkaɓe lema. "Nawa hutawa yake yi."

"Hutun damina yake ɗauka kamar magini," in ji Doming.

A wajena hoton ya fi fitowa tas, amma yana tsayawa. Fuskar Minda sai ta daskare baki a buɗe, mu zauna muna cin suman muna jira ta dawo. Da rani kuma ni ke tsallakawa wajensu in zan ga 'ya'yan Rodel. Haka muka yi shekaru, rani a gidanta, damina a gidana, ba wadda ta yarda ta ɗayar ta fi. Seling ta rantse igiyar kebul ba za ta taɓa ƙetare ƙofarta ba. Yanzu in na tuna, ban san lokacin da na fi jin daɗin zama a lungun nan kamar waɗannan Lahadodin ba.

Doming ya faɗi a gaban kekensa na ɗinki wata safiya cikin watan Agusta. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Aka kawo akwatin gawarsa falo, aka kafa rumfa a lungu don masu zaman makoki. Minda ta yi kuka a waya ta ce za ta taho, komai ya faru ya faru. Seling ta hana ta.

"In kika zo, wa zai riƙe Bea a can? Ubanki ba zai tashi don kin zo ba. Ki zauna, za mu nuna miki shi."

Aka sa za a nuna mata shi ranar Lahadi da yamma, jajibirin jana'iza, lokacin da fada zai zo addu'a. Tun safe ruwa ke zuba, layin ya mutu murus. Seling ta yi ta kashe akwatin intanet ɗin tana kunnawa, ta ɗaga baƙar wayar ta saurara, ta ajiye. Rodel, wanda ya zo daga Cebu don makokin Doming, ubansa na baftisma, ya fita ya sayo doguwar igiya, ya jona a akwatin intanet na gidana, ya fito da ita ta tagata. Ya tsaya cikin ruwa riƙe da bakin igiyar yana kallon tagarsu, bai san yadda zai tambaye ta ba. Ita ce ta buɗe tagar ta miƙo hannu.

"Kawo nan, ɗana."

Ta ja igiyar da kanta har gefen akwatin gawar.

Sai dai yamma ce, kuma Lahadi, ga ruwa ya tsare kowa a gida. Fuskar Minda ta fito ta daskare, ta sake fitowa ta daskare. Fada ya riga ya sa rigarsa. Na ɗauki lema na fita. Gida-gida na bi, namu lungun da na baya har zuwa bakin titi, ina ƙwanƙwasawa ina cewa don Allah duk mai kebul ya kashe kwamfutarsa na ɗan lokaci, Minda za ta ga ubanta. Ba wanda ya tambaye ni wace Minda. Mai shagon wasan kwamfuta na kan kwana, wanda samari suka cika wa wuri, ya dube ni ya ce, "A wayar Aling Seling aka gaya mini an haife mini ɗan fari." Ya tashi ya kashe injinansa duka, samarin na gunaguni ya ce su je su jira a waje.

Ban san ko hakan ne ya taimaka ba, ko dai sa'a ce. Amma da na dawo hoton na tafiya sumul. Rodel ya riƙe kwamfutar a saman gilashin murfin akwatin gawar. Minda ta daɗe tana kallo.

"Tatay," ta ce wa ubanta, "wa ya taje maka ɗan gashin nan haka? Ai ba ta nan kake kwantar da shi ba."

Seling ta ce, "Na gaya musu, ba su ji ba."

Aka yi addu'ar har ƙarshe ba yankewa. Bea, wadda a lokacin ta shiga makaranta, ta yi masa waƙa da yaren Italiya. Ba mu gane ko kalma ɗaya ba, amma har masu karta a rumfa sun ajiye suka saurara.

Washegari bayan jana'iza Seling ta naɗe igiyar tsaf ta miƙo mini ta taga, ta ce ta gode, amma nata zai dawo da an yi rana. Ya kuwa dawo.

Minda ta sami takardunta bayan shekara biyu. Ta sauka da Bea a watan Disamba, yarinyar ta kusa kai kafaɗar kakarta. Seling ta tsaya a ƙofar shago ta kama kumatunta biyu tana juyawa, tana shinshina gashinta, ta ce ashe haka take da tsawo, ita kullum daga wuya zuwa sama take ganinta. Daga baya aka zo da sabuwar igiya mai aiki da haske, wadda ba ruwanta da damina ko yammacin Lahadi, aka kwashe tsofaffin wayoyin daga kan turaku. Gardamarmu ta ƙare ba wadda ta ci.

Da Minda ta dawo gida gaba ɗaya ta gina gida a Antipolo, ta ɗauke uwarta. An sayar da na lungun, yanzu wurin wanki da guga ne, injuna na ruri daga safe zuwa dare. Nakan hau jifni, motar hayarmu, in je duba ta in ƙafafuna sun yarda. Ta haura tamanin, ta rame, tana zaune a baranda tana kallon bishiyoyin mangwaro. Wani zuwan ta gane ni tun daga ƙofa, wani zuwan ta ɗauke ni ƙanwarta da ta rasu tun muna 'yan mata. Zuwana na ƙarshe ta daɗe tana dubana, sannan ta juya wajen kicin ta ce, "Minda, baƙuwar nan daga nesa take. Zuba mata shinkafa, ki sa mata kan kifin."