Ɗalibaina Uku da Kwamitin Majalisa

A shekarun da mulki ya koma hannun farar hula, kuɗin mai ya fara nuna kansa har a ƙauyukanmu, ina koyar da mata yaƙi da jahilci a Gwaram. Bayan azahar, idan 'yan firamare sun tashi, sai mu shiga ajinsu mu matsu a kan bencinan da suka yi mana kaɗan. Akwai matan aure, akwai tsofaffi masu son su iya rubuta sunansu kafin su mutu, amma mafi yawa zawarawa ne.

Wadda ta fi kowa ƙoƙari wata bazawara ce 'yar Maruta, wani ƙauye a yankinmu. Aurenta ya mutu bayan ta yi ɓari sau biyu, ta dawo cikin gari wurin gwaggonta tana ɗinkin hula. Ba ta da yawan magana. Idan na rubuta abu a allo sai ta zuba masa ido, leɓɓanta suna motsi, har sai ya zauna mata. Kafin shekara ta zagayo tana karanta rubutun da ke jikin buhun taki.

A lokacin ne wata Hajiya ta zo daga Kano. Maigidana yana saro yadi a can, a wurin sari suka san juna, shi ya sa ta sauka a gidanmu. Mace ce mai fara'a da ladabi, ba ta wuce tsoho ba ta durƙusa ba. Ta ce manyan ma'aikata a Ikko suna neman matan arewa masu kamun kai, su riƙe musu gida, wasu kuma su yi wanki da guga a wani asibiti. Sharaɗi ɗaya ne, mace ta ɗan iya karatu don kada ta ɓata a birni. Da na ji haka kaina ya kumbura. Na ga ranar karatun da nake koyarwa ta zo, waɗanda suke cewa muna ɓata lokacin mata za su ji kunya.

Ni na kai ta ajina, na ba ta kujerata. Da ta gama magana na ɗora tawa a kai, na ce dama irin wannan ba kullum take zuwa ba. Mata uku suka amince: 'yar Maruta, da wata doguwa da mijinta ya rasu, da wata mai yawan dariya wadda uwarta ke sayar da daddawa a kasuwa. Mahaifin 'yar Maruta ya ƙi da farko, sai na hau mota na same shi a gona yana huɗa. Ya jingina da garmarsa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi bai san Hajiya ba, bai san Ikko ba, amma ya san ni. Tunda Malama ta ce, shi ke nan. Na raka su har tashar Birnin Kudu, na saya musu dafaffiyar gyaɗa, na tsaya har motar ta ɓace.

Damina ta wuce, wata ta zo, babu labarinsu. Idan iyayen suka tambaye ni sai in ce Ikko da nisa, aiki kuma ba ya barin mutum ya motsa. Maigidana ya nemi Hajiya a Kano, ta ce suna nan lafiya har sun yi ƙiba. Na karɓi wannan maganar hannu biyu domin ita nake son ji.

Wata rana da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida, na ji sallama a hankali. 'Yar Maruta ce. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo, babu komai a hannunta sai ɗan ƙunshi a leda. Wani direban motar goro ne ya tausaya mata ya ɗauko ta. Na ba ta ruwa, ta sha, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta ba ni labari, idonta yana kan ƙasa. Babu gidan ma'aikaci, babu asibiti. Wani dogon gida ne mai ɗakuna jere kusa da inda manyan motoci ke kwana, da ƙarti a bakin ƙofa, maza suna shiga suna fita. Wadda ta ƙi, a hana ta abinci, a yi mata duka. Doguwar tana can ba ta da lafiya. Mai dariyar kuwa an raba su tun watannin farko, aka ce an tsallaka da ita wata ƙasa.

Na jira ta ce ni na jawo mata, ba ta ce ba. Abin da kawai ta roƙa shi ne in raka ta Maruta, domin ba za ta iya shiga gidansu ita kaɗai ba.

Mahaifinta bai ɓoye maganar ba, ko da yake 'yan'uwa sun so a rufe. Ya kai ƙara Birnin Kudu, inda duk wani abu na hukuma yake a wancan lokacin. Aka ɗora wa wani jami'i binciken. Ya saurari yarinyar, aka gayyato Hajiya sau ɗaya, ta zo a mota ta koma a mota. Daga nan sai mahaifin nata ya shiga zarya a kan kekensa. Yau a ce jami'in ya fita, gobe a ce ana jiran umarni daga sama. Har aka yi girbi, aka kai amfani gida, babu wanda ya taka zuwa Ikko, ga mata biyu ba su dawo ba.

Ɗan majalisar da ke wakiltar yankinmu tsohon hedimasta ne, a ƙarƙashinsa na fara koyarwa. Mahaifin 'yar Maruta ya tare shi a wurin wata jana'iza ya faɗa masa komai a tsaye. Ɗan majalisar ne ya tayar da maganar a zauren majalisar jiha, aka kafa kwamiti ya zo ya ji yadda aka tafiyar da binciken. Ɗan majalisar ya aiko mini cewa 'yan kwamitin duk maza ne, yana so in zauna kusa da yarinyar. Na ce to.

A wani babban ɗakin taro aka zauna a Birnin Kudu, da safe. 'Yan kwamitin suna bayan dogon tebur cikin manyan riguna, fanka tana juyawa a sama ba ta kawo iska. An fitar da 'yan kallo, amma babu wanda ya tuna da tagogi, kawuna sun cika su.

Jami'in ne ya fara bayani. Ya ce matan nan manya ne, da ƙafarsu suka tafi, da yardar iyayensu. Ya ce Hajiya ta rantse aikin gida ta kai su, abin da suka zaɓa wa kansu bayan nan ba ruwanta. Ɗan majalisarmu ya tambaye shi ko ya je ya ga gidan, ya ce ba a ba shi mota ba. Ko ya sanar da takwarorinsa na can, ya ce yana shirin yi. Ko ya nemi direban motar goron, ya ce bai ga amfanin hakan ba. Yana amsawa yana goge wuya da hankici, amma ban ga alamar tsoro a tare da shi ba. Wasu daga cikin 'yan kwamitin ma hira suke yi ƙasa-ƙasa.

Da aka zo kan 'yar Maruta, ta yi magana a hankali, har sai da shugaban kwamitin ya sa ni in riƙa maimaita abin da ta ce da ƙarfi. Haka na yi ta faɗin labarinta da bakina, kalma bayan kalma, mutanen taga suna ji. Wani ɗan kwamiti mai ƙiba ya katse ta, ya tambaya me ya hana ta gudowa tun farko idan har ba ta so. Ta ɗago kai karo na farko.

"Ranka ya daɗe, na gudu sau biyu. Wanda na roƙa ya nuna mini hanya shi ya mayar da ni."

Wannan ban maimaita ba, kowa ya ji. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ni na kawo Hajiya ajina, ni na yabe ta, ni na je gona na shawo kan mahaifin yarinyar, ban tambayi sunan asibitin ba, ban tambayi unguwar ba. Ina so wani ya daka mini tsawa, ko a ce in bi jami'in nan a tsare ni.

Shugaban ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, zauna. Ba ke aka turo mu mu bincika ba. Allah ya san niyyarki."

Na zauna. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. 'Yar Maruta ta ɗan ja gefen mayafina ta gyara mini shi, domin ya zame ban sani ba.

A motar komawa Gwaram mahaifinta ya ce direba ya tsaya mu yi la'asar a hanya. Kafin mu isa, labari ya riga mu. Cikin mako guda ajina ya watse. Maza suka hana matansu, iyaye suka hana zawarawansu, kuma ban ga laifinsu ba. Tsofaffi biyu suka rage, su ma daga baya suka daina zuwa. Maigidana ya bar zuwa sari wurin da ya san Hajiya, bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar masa ba.

Zaman kwamitin bai tafi a banza ba. An karɓe binciken daga hannun jami'in aka ba wani, aka tura mutane Ikko da kwatancen da 'yar Maruta ta bayar. Sun sami gidan, sun dawo da doguwar, ta yi jinya a wurin yayanta ta warke. Ɗan majalisarmu ya ce mini saura a kawo Hajiya gaban alƙali, a kuma bi sawun ta ukun. Ana cikin haka sojoji suka karɓi mulki, aka rufe majalisa, shi ma ya koma gonarsa. Hajiya ta bar Kano, wasu suka ce ta haye ƙasa mai tsarki. 'Yar Maruta ta sha surutun mutane har ta daina zuwa rijiya, daga baya wani manomi a Wurno ya aure ta, ya san komai kuma bai damu ba. Ta haifi 'ya'ya. Idan muka haɗu a biki tana gaishe ni da Malama kamar da.

Mai dariyar ce ba a sake jin ɗuriyarta ba. Uwarta ta ci gaba da zama a rumfarta. Na so in sauya inda nake sayen daddawa, na kasa, domin za ta gane. Duk ranar kasuwa sai in je in durƙusa, ta tambayi maigida da yara, ta ƙara mini gyara, sannan ta ce, "Malama, babu wani labari?" In ce babu, Inna. Ta ce to, Allah ya sa tana hannu nagari. Ba ta taɓa sauya mini fuska ba.

Da ƙafafunta suka gaza sai na riƙa zuwa gida ina duba ta. A ciwonta na ƙarshe ta kama hannuna ta ce idan 'yarta ta dawo bayan ranta, in gaya mata kwanukan aurenta suna ƙarƙashin gado, ba a taɓa ko ɗaya ba. Na ce zan gaya mata. Ta rasu ana tsakiyar shuka. Bayan sadakar bakwai 'yan'uwa suka zauna rabon kaya, na je na faɗa musu wasiyyarta. Suka yi shawara a tsakaninsu, suka ce babu mai wurin ajiya a cikinsu, in tafi da su. Na ɗauko yaran maƙwabta suka taya ni kwasowa, muka jera su a ɗakina.