Ruwan Ƙwaryar Gwaggo

Shekarar da aka yi bikin al'adu a filin wata makaranta da ke hanyar Tudun Wada, ni aka ɗora wa ɗaukar kayan gwaggona. Ƙanwar mahaifina ce, kuma duk Gangare an san ta da kiɗan ƙwarya a gidajen suna da biki. Tun da mijinta ya rasu, Allah ya jiƙansa, ta kife ƙorenta a ƙarƙashin gado. Ta fita takaba, amma ba ta sake taɓa su ba. Matan ƙungiyarta ne suka yi ta zarya har ta yarda ta fito, bisa sharaɗin cewa in ta ji kunya a wurin, kada kowa ya sake yi mata zancen kiɗa har ta koma ga Allah.

Shiga kyauta ne, don haka kamar Jos ce kaf ta juye a filin. Tun daga bakin ƙofa ƙamshin gwate da masa ya tare mu. Ga Fulani da ƙorensu masu zane, ga mata masu saƙar faifai, ga maginan tukwane sun jera kaya har bakin katanga. A tsakiya 'yan rawar Birom suna dukan ƙasa, kacau-kacau a ƙafafunsu, kowa na kaɗa jelar saniya. Ni da na zo da niyyar in sauke kaya in wuce rumfar masu zayyanar allo, sai na tsinci kaina a tsaye da baho a ka, baki buɗe.

"Malam, kallo na kawo ka ko dako?" in ji Gwaggo.

Kiɗan nan nasu, ƙananan ƙore a ƙasa ake kife su a buga da 'yan sanduna. Babbar kuwa, wadda Gwaggo ke bugawa, a kan ruwa ake kife ta cikin baho, ita ce ke ba da amon da sauran ke bi. In babu ruwa, babu kiɗa.

Muna shimfiɗa tabarma sai ga mai sanarwa, wani saurayi da abin magana a hannu.

"Mama, bayan masu sarewa ku ne. In ba ku shirya ba zan tsallake ku, don kafin Magariba za a tashi."

"Ruwan da aka ce za a ajiye mana fa?"

"Na sha? Ga na leda can, a ɗauko miki."

"Ɗan nan, ka ga na yi kama da mai ƙishirwa? Bahon nan za a cika."

Ashe shi a tunaninsa ƙwarya kamar ganga ce, a ɗauko kawai a hau duka. Na ruga famfon makarantar na murɗa, ko ɗigo. Na leƙa titi, babu mai ruwa ko ɗaya, duk sun ajiye kura suna cikin fili suna kallo. Da na dawo, masu sarewa sun riga sun shiga, Gwaggo kuma ta fara ɗaure sandunanta a gefen zane.

A bayan azuzuwa maza sun fara taruwa don La'asar, kowa da butarsa. Na yi bisimilla na nufe su.

"Jama'a, duk mai sauran alwalar Azahar ya taimaka mini da ruwan butarsa."

Wani dattijon unguwarmu ya ɗago ya dube ni. "Malam, kai da kake koya wa 'ya'yanmu tsarki, yau kai ke roƙa wa kiɗa ruwan alwala?"

"Baba, gwaggona nake roƙa wa. Zumunci ne."

"To, zumuncin ya tashi a gabanka ranar hisabi, ba ni ba," ya ce, yana miƙo mini butar yana dariya.

Haka muka jero da butoci muna tuttulawa, amma ko rabin bahon bai kai ba. Sai wata mata daga rumfar zumuntar matan coci, waɗanda ke dafa gwate, ta taso da muciya a hannu ta leƙa fuskar Gwaggo.

"Kai! Ba Mama mai ƙwarya ba ne? Ke kin yi kiɗa a auren maƙwabciyata, har ɗankwalina ya ɓata a wurin rawa! Ku kawo jarka nan, maza!"

"Gwatenku fa, 'yar nan?" in ji Gwaggo.

"Ya yi kauri, su ci da cokali!"

Aka kinkimo jarkoki ana ihu. Gwaggo ta kwance sandunanta. Ta kife ƙwaryar, ta ɗan ɗaga gefenta iska ta fita, ta buga sau ɗaya ta kasa kunne. "Ƙara." Aka ƙara. Ta sake bugawa, sai na ji amon a ƙirjina.

"Ya isa."

Daidai nan masu sarewa suka fita. Allahu Akbar, ban taɓa jin ta yi kiɗa irin na ranar ba! Ta ba da waƙa, matanta suka amsa, ruwa na fantsama a zanenta. Matan zumunta suka bar tukunya suka faɗo fili da guɗa, matan Fulani suka bi su, 'yan rawar da suka zauna hutawa suka sake miƙewa da kacau-kacau ɗinsu. Sau biyu mai sanarwa yana matsowa ya ce lokaci ya yi, ana janye shi ta riga. Mu muka je muka yi sallah a bayan azuzuwa, ƙasa na motsi a ƙarƙashin goshinmu.

A Keke Napep muna komawa, muryarta ta dushe, da ƙyar ake jin ta. Mun kusa gida ta taɓa kafaɗar direba.

"Ɗana, bi ta Ali Kazaure. Akwai gidan da aka haihu, na ce musu ba zan zo suna ba. Bari in je in warware."