Baba Ladan da Indararon Tsohon Masallaci

Kullum da hantsi za ka gan shi ya ɓullo ta lungun masu walda, tsintsiya a hammata, yana jan ƙafar hagu. Sai ya tsaya a ƙofar tsohon masallacin, ya dubi kwaɗon da hukuma ta garƙama, ya share dakali tsaf. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka gama yaƙi aka rufe wurin, amma har yau Baba Ladan muke ce masa.

Jama'arsa sun watse. Wasu sun ƙetare iyaka, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Baƙi masu wani yare da wani addini suka cika unguwar. Hukuma kuma ta ce duk rufaffen ginin da ya tsage, rushe shi za a yi.

Shi kuwa ya san ruwa ne ajalin tsohon gini. Tantabaru kan toshe indararo da sheƙa, ruwan sama ya kwanta a rufi, ya ci bango. Don haka duk gabanin damina sai ya ari tsanin maƙwabcinsa kafinta, ɗaya daga cikin baƙin, ya hau ya kwashe da hannu.

"Malam, a kan masallacin da ba a salla za ka sa ni takaba?" in ji matarsa.

"Haba! Ba ke ce kike cewa zama ya yi mini yawa ba?"

Bara wani injiniyan hukuma ya zagaya masallatai bakwai da aka rufe. Biyar sun zube, na shida ya dare. Da ya zo nan ya ƙwanƙwasa bango, bai ga tsaga ba, ya ce, "Wa ke kula da wannan?" Masu walda suka nuna tsohon, shi kuwa kunya ta kama shi.

Kai ne ladanin da aka raba da kiran salla bai yi fushi ya tafi ba. Wallahi kana burge ni, Baba.

Bana gwiwa ta ƙi. Ya ɗora ƙafa a matakin farko, ya kasa. Kafinta ya janye shi, ya ce, "Baba, zauna. Nuna mini da sandarka kawai." Ya hau da kansa.

Mun gode, Baba Ladan, Allah ya nuna maka ranar buɗewa. Mu kuma masu ƙafa, kowa ya dubi abin da aka rufe a unguwarsu, kada ranar ta zo a tarar babu abin buɗewa.