Zanen Saƙin Inna

A gidanmu na Ƙonni uwar tsumma ake ce mini, kuma ban ga laifin kowa ba. Ɗakina cike yake da tsofaffin zannuwan saƙi, irin waɗanda masaƙa suka daina yi tun da atamfa ta cinye kasuwa. Duk ranar kasuwa ina cikin mota, Tsarnawa, Dogarawa, har Illela, ina sayen abin da mata suka cusa ƙarƙashin gado. Mutane sun ɗauka sha'awa ce. Ina! Zane guda nake nema, sauran duk tsintuwar hanya ne.

Na Innata ne. Fari mai ratsin baƙi, ya tsufa ya yi laushi, da ɗinkin jan zare a gefe inda ƙusar ƙofa ta taɓa yaga shi. Da shi ta goye ni. Ranar da ta rasu ina Yamai, kafin in iso an rufe ta, an kuma yi yadda aka saba a wurinmu: an ba matar da ta yi mata wanka zanen da ta fi ɗaurawa. Matar baƙuwa ce, biki ya kawo ta unguwarmu, ba wanda ya riƙe garinsu.

Ba ni da hoton Inna ko ɗaya. Muryarta ma ta soma ɓace mini. Wallahi ba wani abu nake so ba illa in tusa hancina cikin zanen nan in ji ta: hayaƙin kara, man shanu, da turaren wutar da take haɗawa da kanta.

Daga ƙarshe wata dillaliya a Dogarawa ta ce ta san matar da ta yi wankan, tsohuwa ce, tana wani ƙauye bayan Bazaga. Da na tashi a take na tafi, da shi ke nan. Amma ba a faɗa wa babba gida kamar kaza, sai na aika cewa ɗiyar mamaciyar nan tana tafe, tana son zanen uwarta.

Da na isa, tsohuwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, muka yi wa Inna addu'a. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshi tana murmushi.

"Ɗiyata, tun da aka ba ni shi ban ɗaura ba, yana cikin adaka yadda uwarki ta cire shi. Da na ji kina zuwa na ce a'a, kunya ce in miƙa miki shi da warin jiki. Na wanke shi da sabulu tas, na kai marina aka tsoma shi a shuni. Duba, ya koma sabo!"

Na buɗe. Shuɗi ne shar, yana ƙyalli. Na laluba gefe na sami ɗinkin, jan zaren ya zama baƙi. Na so in kurma ihu, to wa zan yi wa? Baiwar Allah nan mutunta ni ta yi.

"Iya, na gode. Allah shi saka da alheri."

"Ba komai, ɗiyata. Ai uwarki mai tsabta ce."

A kan amalanken jaki na komo bakin titi, hancina cikin zanen har muka iso. Na bi shi lungu-lungu, har cikin ɗinkin. Shuni ne da sabulu. Inna ta jira ni cikin adakar nan tun ranar da aka rufe ta, saƙona ne ya riga ni isa.