Yaya Sai-ta-cika, Wadda Ba Ta Yanke Numfashi

Da sassafe take ɗaga ƙofar shagonta, ta goge kwamfutoci, ta juya fanka wajen na'urar intanet don kada ta yi zafi, ita kuma ta zauna tana gumi. Mu makaɗa da mawaƙa muna kiranta Yaya Sai-ta-cika, domin duk gaggawar da ka shigo da ita, koren layin da ke rarrafe a allo za ta nuna maka ta ce, "Zauna, ƙanena. Sai ta cika."

Aikinta tura manyan fayilolin waƙa ga abokan aikinmu da neman abinci ya warwatsa a duniya. Ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, idanu sun gaji. Na ji wani yana cewa, "To me ta yi? Danna maɓalli ne fa." Saboda shi na yi wannan rubutu, kuma ba zan sassauta masa ba.

Shugaban ƙungiyarmu, wanda kowa ke kira Kawu, ciwon maƙogwaro ya kama shi. Likita ya sa ranar aiki, ya kuma faɗa masa gaskiya: da wuya muryar ta dawo. Kawu ya ce zai bar waƙa ɗaya, kuma 'yarsa ce za ta yi masa amshi. Ita kuwa tana karatu a wata ƙasa, mai haɗa mana sauti yana wata ƙasar daban. Muka ɗauki muryar Kawu da kiɗan, kowanne a layinsa, fayil ya fito gingimeme.

Mai situdiyo ya ce, "Yaya, a matse shi a tura ta waya. A yanke shirun nan da numfashin, nauyi kawai suke ƙarawa."

Ta cire tabarau ta kalle shi sama da ƙasa. "Mutumin da za a yanka wa wuya jibi, ni ma in yanke masa numfashi? Ɗauki kayanka ka kai wani shagon."

Babu wanda ya motsa. Yaya ba ta da sauƙin kai, kowa ya sani; ni kaina ta taɓa kora ta saboda na taɓa mata waya. Ta fara turawa, wuta ta ɗauke. Ta tayar da janareto, intanet ya tsinke ana dab da gamawa. Ta sallami masu buga takardu, ta rufe ƙofa, ta sake daga farko, tana zagin kamfanin intanet ɗin da sunayen da ba zan rubuta ba.

Washegari fayil ya isa cikakke. Da mai haɗa sauti ya saurari muryar ita kaɗai, sai ya ji baiti na ƙarshe ya fashe. Ya kira mu, muka ɗauko Kawu ya sake rerawa, ana gobe za a shiga da shi tiyata. 'Yar Kawu kuma ta ce da ta sa abin sauraro a kunne, ba ta ƙirga kiɗa ba. Jan numfashin babanta take jira, kamar yadda ta saba tun tana ƙarama, sai ta shigo.

Yaya, ke ce ba a rubuta sunanki a jikin waƙa ko ɗaya ba. Ke ce mai taurin kan da muka yi ta gunaguni a kai, muna cin moriyarsa. Raina yana ɓaci in na tuna wannan. Mun gode, Allah Ya huta gajiya. Ku kuma masu tasowa, in an ba ku aikin mutum ku isar da shi dukansa, ko za a kira ku masu jinkiri.

Muryar Kawu ba ta dawo ba. Shekaranjiya ya zo shagon, Yaya ta kunna masa waƙar. Da aka zo inda ya ja numfashi, sai ya ɗaga yatsa, muryar 'yarsa ta amsa.