'Yar Fari a Kujerar Gaba

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Babbar Sallah, a shekarar da nake aji biyar na firamare, na tsaya a ƙofar gidanmu da ke Wudil ina rungume da ƙullin kayan barka, ina kallon Umma tana goge gilashin tsohuwar motar Abba da tsumma. An sauko daga masallaci, rana ta fara karkata, iska kuma tana kawo kukan shanu daga kasuwar kara, domin ranar kasuwa ce. Umma ta buɗe ƙofar gaba, ta nuna kujerar da haɓa ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ke, shiga." Na shiga ina ɗari-ɗari kamar wadda ta sa takalmin aro. Kujerar nan ta ƙanwata Hafsa ce, kuma iyakar sanina ban taɓa zama a kanta ba kafin ranar.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, gidan da Hajiya, mahaifiyar Abba, take riƙe da al'ada da hannu biyu. A wajenta uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Takan ce, "Ɗan fari na kaka ne, uwa reno kawai ta yi." Saboda haka tun da aka yaye ni na koma ɗakinta. Ban rasa komai ba, wannan kam dole in faɗa don kada in zalunci kowa. Amma sunana Safiya, kuma ban taɓa jin sa a bakin Umma ba. Idan ina shara "ke" ce, idan ina wanke-wanke a gindin rijiya "ke" ce, idan na dawo daga makaranta da sakamako mai kyau sai ta karɓa ta miƙa wa Hajiya ba tare da ta ce uffan ba. Hafsa kuwa tun daga asuba ake rera sunanta har a kwanta. Ita ake ɗorawa a cinya a yi mata kitso, ita ake ba ƙanzon tuwo, ni ina bakin turmi ina surfe, ina satar kallonsu ta ƙarƙashin ido.

Umma malamar firamare ce, kuma ba ta daɗe da koyon tuƙi ba. Aminiyarta tun a kwalejin horon malamai, wadda muke kira Anti Rabi, ta haihu a Lajawa, hidimar Sallah kuma ta hana Umma zuwa suna. Hafsa tana Kano wajen goggonmu, sai Abba ya ce a tafi da ni in riƙa taya ta hira kada ta yi gyangyaɗi. Daga ni har Umma babu wadda ta taɓa taka garin. Tun da na ji zancen na ƙulla wani buri a raina: idan muka yi nesa da idon Hajiya, babu wanda Umma za ta ji kunya, to lalle za ta kira sunana. Abin da na tafi nema ke nan, ba ganin jaririya ba.

Mun daɗe kafin mu fita daga gari, saboda motocin shanu da suka cika hanya. Umma ta damƙe sitiyari da hannu biyu, leɓenta yana motsi da addu'a. Ta sayi soyayyen kifi ta taga, ta ajiye mini a cinya. Da gari ya ƙare sai gonaki suka buɗe, lokacin kaka ne, dammunan gero a jere, mata da yara sun duƙa suna roron gyaɗa. Na yi ta nuna mata abubuwa don in ja ta da magana, tana amsawa da "uhm". A Utai muka tsaya gaishe da mahaifiyar wata abokiyar aikinta. Na tambayi Umma kwanan baya ko a tafiya muka tsaya ko a dawowa, ta ce a tafiya ne, don haka na rubuta yadda ta faɗa. Bayan doguwar gaisuwa tsohuwar ta kamo hannuna ta ce, "Wannan ce ta farin? Tubarkalla, kamar an tsaga kara." Umma ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ta Hajiya ce." Na gane cewa Hajiya ta biyo mu, ko da yake mun baro ta a gida tana jan carbi.

Mun isa Lajawa kafin magariba. Gidan Anti Rabi babba ne, da rumbuna biyu da bishiyar darbejiya a tsakiya. Muna yin sallama wata yarinya sa'ata, 'yar Anti Rabi, ta fito da gudu, sai na ga Umma ta saki jakarta ta buɗe hannuwa. "Zulai! Zulaihatu 'yata, haka kika girma?" Ta rungume ta, ta shafa kanta, ta juya ta gaba da baya tana dariya. Ban taɓa sanin muryar Umma tana da wannan zaƙin ga yarinyar da ta wuce goyo ba. Hafsa dai na saba da ita, cikinmu ɗaya. Wannan kuwa bare ce, ta samu a tsaye abin da na yi tafiya ina jira. Anti Rabi ta jawo ni tana cewa, "Safiya, zo nan ki zauna kusa da ni," ta tsame mini tsoka mafi girma a miya, amma ni idona yana kan Umma da Zulai.

Washegari aka ce za a je ƙauyen kakar Zulai a kai mata naman Sallah, mu kuma mu ga gari. Anti Rabi tana jego, ba za ta fita ba. Na riga kowa isa mota na tsaya a ƙofar gaba, sai Umma ta ce, "Ke, koma baya, Zulai ce ta san hanya." Hujjarta daidai ce, har yanzu ban sami abin da zan ƙaryata a cikinta ba. Na zauna a baya kusa da kwanon nama, ina kallon ƙeyarsu. Hanyar burji ce mai ramuka, kuma duk ramin da muka faɗa sai su fashe da dariya tare. Matar da ta yi ta ba ni "uhm" jiya, yau ita ce take tambayar sunan kowace bishiya da kowane ƙauye. Zulai ce, Zulai kaza. An ce ƙauyen yana da kyau, akwai tafki da fararen balbelu. Ni dai abin da na gani shi ne hannun Umma a kafaɗar 'yar mutane.

Da muka dawo aka tura ni da Zulai wasa. Muka zauna carafke a gindin darbejiya, kowa tana jefa dutse kamar da gayya. Ta ci ni, na ce ta yi coge, ta ce ƙarya nake. Na ce, "To ki ci, ai kin saba cin na mutane, har uwata kin cinye." Ta watsar da duwatsun, idonta ya ciko da ƙwalla. "Ke ce babbar ɓarauniya! Tun jiya Innata take Safiya, Safiya, har tsoka ta ba ki. Ni kin taɓa jin ta kira ni?" Na bi jiya da yau a raina, na tarar gaskiya ta faɗa. Ita ma 'yar fari ce. Muka zauna muna hararar juna, kowacce tana ganin ɗayar ta yi mata fashi.

Da la'asar Umma ta zaunar da Zulai tana yi mata kitso, Anti Rabi kuma ta kwantar da jaririya ta ɗora kaina a cinyarta. Tana tsaga gashin ta ce, "Zan bi a hankali, na san ba kya son a ja miki gefen nan, wurin da kika faɗo daga mangwaro." Ta san na zo ta biyu a aji, ta san ba na cin miyar kuɓewa. Na ce, "Anti, wa ya gaya miki?" Ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Wa kuwa, in ba wadda take cinye mini cajin waya da zancenki ba? Ni ma da na Zulai nake ramawa. Abin da ba za ka iya bai wa naka ba, sai ka ba na ɗan'uwanka, shi kuma ya ba naka." Na ɗaga ido, Umma tana nesa kaɗan, ta duƙufa a kan Zulai kamar ba ta ji ba. Ya kamata in ce raina ya yi sanyi. Ya ɗan yi, amma ba duka ba, domin cinyar da nake so tana can, wani kai ne a kanta.

Ranar Lahadi muka kamo hanyar gida, mu biyu kawai. Na bari sai da gonaki suka kewaye mu, babu gida babu mutum, sannan na tattaro ƙarfin halina na ce, "Umma, idan kina ba Anti Rabi labarina, da wane suna kike kira na?" Motar ta ɗan rage gudu. Na ga gefen bakinta ya motsa, na riƙe numfashi. Ta ce, "Ke, gyara ɗankwalinki, mun kusa shiga mutane."

Yanzu na gama jami'a, Hajiya ta rasu, Allah Ya jiƙanta, al'adar kuma ta yi sako-sako. Sa'o'ina suna kiran 'ya'yansu na fari da suna a gaban surukai, suna ɗora hotunansu a waya, babu mai ɗaga kai. Hafsa ta riga ni aure, kuma duk ranar da ta kawo ɗanta na fari gida, Umma takan karɓe shi ta yi ta rera sunansa a tsakar gida, ni kuma ina tsaye da digirina, ina jin irin abin da na ji a bayan mota a hanyar ƙauyen nan. Har yau "ke" ce ni. Ba na shakkar son da take yi mini, na sami shaidarsa daga bakin da ba ya ƙarya. Sai dai sani daban, ji da kunne daban.