Baba Kailu, Mai Hannuwa a Baya

Da hantsi Baba Kailu kan shimfiɗa buhu a gindin bedin da ke bakin kasuwar Filinge, ya jera famfo, kwanon ruwa, roba da gam. Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana gyaran keke. Bana ya ce idanu sun gaji, zai koma gonarsa ta hatsi.

Wata ɗabi'arsa ta daɗe tana damuna. Idan mutum ya kawo keke karo na farko, zai gyara masa. Idan ya dawo da matsala iri ɗaya, sai Baba Kailu ya maida hannuwansa baya, ya ce mai keken ya durƙusa ya yi da kansa. Na sha tambayar kaina: wanda zai iya raba ka da wahala cikin minti biyar, ya zaɓi ya tsaya yana kallon kana zufa, tausayi ne ko taurin zuciya?

Habsa ce ta ba ni amsa. Ma'aikaciyar lafiya ce, tana kai allurar rigakafi ƙauyukan Kurfai a kan keke. Abu biyu take tsoro: cire tayar baya, da sarƙar da ke zamewa duk lokacin da ta sauya giya. Ranar da ta dawo masa da taya a sace karo na biyu, ta roƙe shi, ta ce sauri take. Ya miƙa mata cokula biyu, ya ce da bayansu ake ɓanɓare taya, wuƙa huda tif take. Ta yi faci tana ƙunƙuni. Za ta rufe, ya sa ta zagaya cikin tayar da yatsa, sai ga ƙaya a maƙale.

"Baba, mugunta ce wannan," in ji ta.

"Ɗiyata, in ta sace miki a daji, mi za ki yi? Ni ba ni zuwa can."

Ya kuma gaya mata laifin ba na sarƙa ba ne. Giya tun kafin a shiga yashi ake sauya ta, ƙafa a sake, ba sai an nutse ana dannawa ba.

Bayan wata biyu, da rana tsaka, tayar ta sace mata a hanyar wani ƙauye, babu inuwa, babu kowa. Ƙanƙarar akwatin allura tana narkewa. Idan ta ƙare, maganin yara arba'in ya lalace. Ta ciro cokulan da ya ba ta. Ta lalubo ƙayar, ta yi faci, ta isa da sauran sanyi a akwatin.

Da ta ba shi labari, abin da ya tambaya kawai shi ne ko ta tuna ta zagaya da yatsa.

Baba Kailu, kai ne makanikin da ya yi ta rage wa kansa masu zuwa, da saninsa. Ka yarda a kira ka mugu na awa ɗaya don kada a neme ka a inda ba za a same ka ba. Mun gode. Allah ya ƙara wa idanun nan haske, ya sa albarka a gonar.

Mu kuma da muka iya wani abu, mu daina ɓoye shi. Habsa yanzu tana koya wa abokan aikinta faci, kuma an ce ita ma hannuwanta a baya take tsayawa.